Ɗauka da Sauka

A farkon shekarar 2021, lokacin da aka ce duk layin wayar da ba a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba za a toshe shi, na ɗauko gwaggona daga ƙauyenmu a ƙasar Roni, na kawo ta Kazaure a yi mata rajista. Hunturu ya kankama, ta rufa da mayafi biyu, muka bi layi tun da hantsi har azahar ta gota. Da aka zo kanmu, yaron da ke gaban kwamfuta ya tambayi sunanta, ta faɗa. Ya tambayi garinsu, ta faɗa. Sai ya ce, ko ɗago kai bai yi ba, "Iya, date of birth?"

Ta waiwayo ta dube ni. Na ce, "Gwaggo, yaushe aka haife ki yake tambaya."

Ta ce, "Au, wannan ai a bakina yake, ɗan nan. Ran Laraba ce, da asuba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gero ya fara fid da kai. Shekarar da Sarauniya ta zo."

Yaron ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce, "Iya, lamba injin yake so." Na ce masa a 1956 Sarauniyar Ingila ta zo ƙasar nan. Ya buga. Gurbin wata da na rana kuwa ya cike su da abin da aka saba cikewa idan tsoho ya zo ba takarda, 01 da 01. Na bayanmu suna ta tsaki, ni ma ban ce komai ba.

Muna mota za mu koma, abin ya tsaya mini a rai. Matar nan ta ba da rana, ta ba da lokaci, ta ba da halin sama da na gona, ta ba da shekara, amma a wurin wancan akwati daidai take da wanda bai san komai ba. Tun daga ranar na shiga bin sawun kalmomin nan da aka jefe ta da su, in ga daga ina suka fito, har suka samu ƙarfin da za su mayar da tsohuwa baƙuwa a labarin haihuwarta.

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin tonon asalin kalma ba ne. Yaron Kazaure ya taso da labarin maharbin da ya iso wurin, ya ga duwatsu sun kewaye shi, ya ce wannan waje kamar zaure, sunan ya bi garin har yau. Irin wannan labari daɗi gare shi, kuma yana da nasa aiki. Sai dai masu bin asalin kalmomin Turanci ba da kunne kaɗai suke aiki ba. Tsofaffin takardu suke bi ƙarni bayan ƙarni, suna duban yadda kalma ta sauya kama, kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya daga wannan gona zuwa waccan.

Kalmar farko, "date", ba ruwanta da rana ko wata a asalinta. Daga Latin take, harshen Rumawan da, kuma ma'anarta "an bayar". Idan Barume ya rubuta wasiƙa, yakan sa layi guda da ke cewa an ba da ita a Rum, ran kaza ga wata kaza, wato ranar da aka danƙa ta a hannun manzo. Kalmar da ke buɗe wannan layi ita ce "data". Yau da gobe magatakardan fada da na coci suka riƙa kiran layin gaba ɗaya da kalmarsa ta farko, ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. Wanda ya yi zamani da wasiƙar ajami zai gane wannan da sauri, domin mu ma muna da namu mabuɗi, takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane. Da Hausa ta bi hanyar Rumawa, da yau kwanan wata sunansa "ta fito". Datar nan da muke saye a waya ma daga wannan aikatau na bayarwa ta samo suna, duk da dai ita ba wanda ya taɓa ba da ita kyauta.

Ke nan "date" kalmar teburin magatakarda ce tun fil azal. Tamu kuwa, kwanan wata, kalmar mai duban sama ce, wanda ya ga jinjirin wata ya fara ƙidayar kwanakin da ya yi.

A kalma ta ƙarshe ce na daɗe. "Birth" aro ce Ingilishi ya yi daga bakin mutanen Sikandinebiya, masu jiragen ruwan da suka mamaye gabashin Ingila da arewacinta a ƙarni na 9, kuma a wajen shekarar 1200 ta fara bayyana a rubuce, ta ture ta gida, "gebyrd", wadda dama 'yar'uwarta ce. Su biyun daga aikatau ɗaya suka tsiro, wanda Turawan yau ke cewa "bear", kakanninsu kuma "beran". Ma'anarsa ɗauka. Ɗaukar kaya, irin ta ɗan dako. Kalmar "born" da kowane ɗan firamare ya haddace ba wani abu ba ce illa siffar abin da aka ɗauka. Idan Bature ya ce "I was born", abin da harshensa ke faɗa a ƙarƙashi shi ne an ɗauko ni. Shi kansa bai cika jin haka ba, kamar yadda mu ma ba ma jin kwana a cikin kwanan wata. Har zuwa wajen 1775 kalma ɗaya ce ake rubutawa ko jariri ake nufi ko kaya. Daga nan marubuta da masu ɗab'i suka raba su, mai harafin e a ƙarshe, "borne", ta zama ta kaya, marar shi ta zama ta jariri. Harafi guda ne ya raba ɗan mutum da buhu.

Saiwar ta wuce Ingila nesa. A 1786 wani alƙali Bature da ke aiki a Kalkata, William Jones, ya bayyana cewa Sanskrit, tsohon harshen malaman Indiya, da Girkanci da Latin daga tushe ɗaya suka fito. A 1822 Bajamushen nan Jacob Grimm ya tsara ƙa'idar yadda sautuka suka sauya tsakanin waɗannan harsuna, cewa inda Sanskrit ke da bh, Latin na da f a farkon kalma, Ingilishi da Jamusanci kuma b. Shi ya sa "bharati" ta Indiya da "ferre" ta Rum da "bear" ta Ingila duk abu ɗaya suke faɗa, ɗauka. Bahaushe ba zai sha wahalar yarda da wannan ba. Bakano ya ce tafi, Basakkwace ya ce tahi. Mu kanmu muna cewa dafa amma ya dahu, tsufa amma tsoho, haifa amma ta haihu. Harafin f da h a bakinmu 'yan ɗaki ɗaya ne.

Abin da ya ba ni dariya shi ne dangin wannan saiwa sun daɗe da shigowa Hausa ba mu sani ba. Baron da yara ke turawa a kasuwar Kazaure, a loda masa buhun masara ko jarkokin ruwa, daga "barrow" muka aro shi, ita kuma abin ɗaukar kaya take nufi, uwa ɗaya uba ɗaya da "born". Taransifar da ake yi wa malamin makaranta daga Gwiwa zuwa Babura, da wadda mai shago ke cewa a yi masa idan ba tsabar kuɗi, rabinta na biyu "ferre" ce ta Rumawa, ɗauke daga nan a kai can. Mutanen Sukotlan har yau "bairn" suke ce wa yaro, wato abin ɗauka. "Burden", kaya mai nauyi, duk gidan ne. Akwai kuma wata da na karanta na yi shiru, "bier". Makara ke nan. Harshen ya ba abin da ake fita da mutum a kai suna daga inda ya ba shigowarsa.

Da na juyo gida sai na tarar Hausa ta bi wata hanya dabam. Aikatau ɗin haifa ba ya dako. Aikinsa ɗaya, kuma bai ware uwa ya bar uba ba, shi ya sa muke da mahaifi da mahaifiya, alhali "bear" ta Turanci a wannan ma'ana ta mace ce kaɗai. Daga shi aka sami haifaffe, kamar a ce wane haifaffen Roni ne, aka sami haifar da, har shawara takan haifar da ɗa mai ido, jari ma yakan haihu. Mafi ban sha'awa ita ce mahaifa. A rubuce kalma ɗaya ce, amma tana nufin inda ɗan tayi ke kwance a ciki, tana nufin garin da aka haifi mutum, tana kuma nufin iyayen biyu. Takardar gwamnati ta ware gurbin wurin haihuwa dabam, na sunan uwa dabam, na uba dabam. Hausa ta zuba su a ƙwarya ɗaya. Wanda ya ce zai je mahaifarsa bai bambance ko ƙasar yake nufi ko mutanen ba, kuma ba ya bukatar ya bambance, tunda a bayan ɗakin uwarsa aka binne cibiyarsa.

Amma haihuwa kalmar waje ce, ta maza a zaure da ta sanarwa a masallaci. Shiga cikin gida ka saurari mata, za ka ji alkunya ta sa sun kewaye ta, kuma a wannan kewayen ne hikimar take. Ba a cika cewa wance tana da ciki gatsau ba, sai a ce tana da juna biyu. In wata ya ja, a ce ta yi nauyi. Mai yi mata addu'a ta ce Allah ya raba lafiya, ko Allah ya sauke ki lafiya. In naƙuda ta zo, a ce tana kan gwiwa, domin a durƙushe matanmu suka gaji haihuwa, kuma mutanen Gwiwa sai su yi haƙuri da yadda sunan garinsu ya zo daidai da wannan wuri mai wuya a rubuce. In an gama, yarinya ta ruga gidan maƙwabta ta ce Inna ta ce a gaya muku wance ta sauka. Tsofaffi kuma su ce ta samu kanta.

Ashe kayan nan da Turanci ya gani, Hausa ma ta gan shi. Bambancin shi ne ta wane gefe aka tsaya. Bature ya sa wa al'amarin suna daga ɗauka, Bahaushe ya sa masa daga sauka. Kuma a jumlar Bature jariri ne a gaba, shi ake magana a kai, mai ɗaukar ta ɓace daga zancen. A jumlar matan Hausa uwar ce mai aikin. Ita ta yi nauyi, ita ta durƙusa, ita ta sauka. Jaririn, in an ambace shi, cewa ake ya faɗo, sa'an nan a jira mabiyiya, don ungozoma ba ta cewa an gama sai ita ma ta biyo.

Sauka kalma ce mai daraja a wurinmu. Matafiyi ake yi wa fatan ya sauka lafiya. Baƙo yakan sauka, a ba shi masauki. Almajirin da ya kai ƙarshen izu sittin sauka ya yi, a tara jama'a a yi walima. Duk inda ta fito akwai doguwar tafiya a bayanta, akwai kuma yiwuwar a kasa kaiwa. Da aka ɗora ta a kan mai ciki, an yarda ke nan cewa wata tara tafiya ce, kuma ba kowace ke isa ba. Shi ya sa gaisuwar da ake yi wa mai jego, barka da arziki, ita ce dai wadda ake yi wa wanda ya fita daga hatsarin mota da ransa. Larabci ya haɗa gefen biyu, ciki a wurinsa "hamlu" ne, ɗauka, haihuwa kuma "wad'u", ajiyewa.

Kada in yi wa Turanci rashin adalci, shi ma ya taɓa tsayawa a gefen uwa. Kalmar "deliver" da ma'aikatan asibiti ke amfani da ita daga Latin take, daga aikatau mai nufin 'yantawa, kuma a tsohon Ingilishi macen ce ake 'yantawa daga abin da take ɗauke da shi, ba jaririn ake miƙowa ba. Wannan da ta samu kanta da Allah ya raba lafiya, ai kusan magana ɗaya ce. Sai da zamani ya ja kalmar ta koma ta kai saƙo, har yau ɗan acaɓa mai kawo kaya gida yake aiki da ita. Haka "labour", ita ce naƙuda, ita ce kuma aikin ƙarfi. Mun are ta sau biyu ba mu lura ba, muka sami lebura mai haƙar kwalbati, muka sami leba inda ake shiga da mata a asibiti.

Tamu ɗaukar, wadda muka ba suna na musamman, bayan sauka take farawa. Goyo. Zane da majanyi, shekara biyu yaro na manne a bayan uwa ko yaya ko kaka, har a yaye shi. Daga nan muka ciro goyon baya, wanda 'yan siyasa suka tsotse har ya fita hayyacinsa. Duk sanda na ji an ce ƙungiya kaza ta ba ɗan takara goyon baya, sai in ga ƙato da babbar riga an ɗaure shi da majanyi.

Saura maganar lokaci, wadda ita ce ta haɗa Gwaggo da akwatin kwamfuta. Ba gaskiya ba ne cewa Bahaushe bai damu da ranar haihuwa ba. Ya damu har ya liƙa ta a jikin mutum, yana kiran sa da ita safe da yamma. Ɗanladi da Ladi, Ɗanliti da Altine, Ɗantala da Talatu, Balarabe da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe, duk takardun haihuwa ne masu tafiya da ƙafa. Inda ranar mako ba ta isa ba, a ƙara da yanayi. Anaruwa ya zo ana ruwa, Nomau lokacin noma, Ciwake da kakar wake, Azumi a watan azumi, Sallau ranar salla. Wasu sunayen ma tarihin cikin suke bayarwa, Bakwaini bai cika wata tara ba, Shekarau ya zarce, Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye. Auta kaɗai ke jiran nasa, don ba a sanin auta sai haihuwa ta tsaya.

Shekara kuwa da abin da ya faru a cikinta ake ɗaure ta. Kakanninmu sun ƙirga daga yunwar Kakalaba ta 1914. Iyayenmu suna cewa shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, ko shekarar canjin hannu, 1972, ko ta canjin kuɗi, 1973, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ko shekarar Murtala, 1976. Wanda ya ga wannan ƙauyanci ne, ya tuna cewa shekarar haihuwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da Shekarar Giwa aka san ta, ranar kuma Litinin. Rana ta mako da babban abin da ya faru, daidai tsarin da Gwaggo ta bi. Kalandar da yaron ya nemi lambarta ma, Miladiyya, sunanta daga kalmar Larabci ta haihuwa yake, ita ma an ɗaure ta ne da haihuwar Annabi Isa.

Masu alƙalami a cikinmu sun rubuta. An san Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a Maratta ran Lahadi, ƙarshen Safar na 1168, wanda ya yi daidai da 15 ga Disamba 1754, kuma gidajen malamai da yawa suna da al'adar rubuta haihuwar 'ya'ya a bangon littafi. Fada kuwa shekarun mulki take lissafawa. Jerin sarakunan Kazaure zai gaya maka Ɗantunku ya kafa sarautar a 1819, ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi. Ranar hawa gado ce abin riƙewa a can.

Su masu kalmar ma ba da ita aka haife su ba. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowace coci a Ingila ta ajiye littafin baftisma da aure da jana'iza. Ranar baftisma ake rubutawa, wadda ita ce kusa da ranar suna a wurinmu, ba ranar haihuwa ba. Shi ya sa abin da ke rubuce game da Shakespeare, babban marubucinsu, shi ne an yi masa baftisma ran 26 ga Afrilu 1564. Ranar 23 ga wata da ake bikin haihuwarsa kintace ne. Gwamnatin Ingila ba ta fara rajistar haihuwa da kanta ba sai 1 ga Yuli 1837, kuma sai a 1875 aka ɗora wa iyaye nauyin kai rahoto tare da tara ga wanda ya ƙi. Wato a shekarun da Ɗantunku ke fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, manomin Ingila ma da littafin coci da bakin uwarsa yake sanin shekarunsa.

Da ka wuce Babura ka tsallaka iyaka zuwa Nijar, za ka ga wata dabara a tsofaffin takardun da aka gada daga Faransa. Wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, sai a sa masa "né vers" da shekara, ma'ana an haife shi wajejen shekara kaza. Wannan wajejen ta burge ni, domin takarda ce da ta san iyakarta. Ita "né" daga wata saiwar Latin take mai nufin haihuwa, wadda ta ba Ingilishi "nation" da "native". A nan ma mun haɗiyi kalmar haihuwa ba mu sani ba, don En'e da ta mulki iyayenmu, ta karɓi haraji da jangali, harufan farko ne na "Native Authority", hukumar haifaffun ƙasa.

Ba ina kukan a koma jiya ba ne. Tun 1992 dokar Nijeriya ta wajabta a yi wa kowane jariri rajista cikin kwana 60, aikin yana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ina ganin duk uban da ya yanka ragon suna bai karɓo wannan takarda ba ya bar aiki a baya. Allurar rigakafi da makonni ake lissafa ta, ba da fitar kan gero ba. Jarrabawa da fasfo da fansho duk lamba suke tambaya. Waɗanda aka kwasa zuwa makaranta a 1976, da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, suna tuna yadda ake auna su, yaro ya ɗora hannu bisa kai, in ya taɓo kunnen ɗaya gefen ya isa shiga aji. Ba wanda zai so a ci gaba da haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka lamba ta fi suna gaskiya. Mun san yadda ake zuwa a yi rantsuwar shekaru a zabge uku ko biyar, saboda aikin gwamnati da shekara 60 ake barin sa, ko 35 ta aiki. Har mun saba da jin shekarun takarda da shekarun gaskiya, kamar mutum biyu ne. Amma ban taɓa jin wanda ya iya cire damina daga Anaruwa ba.

Yanzu kuma ga bazde, wato "birthday". Ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu da 'yan'uwansu na ko'ina sun karɓe ta hannu biyu, a yanka kek, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook. A tsohon Ingilishi wannan kalma ta sarakuna ce da waliyyai, bikin shekara-shekara na tunawa da su, sai a wajen 1570 ta fara nufin ainihin ranar da aka haifi mutum. Mu ma haihuwa ɗaya muka saba yi wa biki duk shekara, Mauludi, wanda maƙwabtanmu na Daura ke yi wa Sallar Gani, Kanawa kuma su hau Dala ran Takutaha. Ba ni da faɗa da kek. Abin da nake lura da shi kawai, a wurin bazde wanda aka ɗauko ake taya murna, wadda ta yi ɗaukar tana kicin tana soya nama. A ranar ainihi kuwa, wadda ake tunawar, ba wanda ya ce wa jaririn sannu. Ɗakinta aka cika, ita aka dafa wa ƙauri da kunun kanwa, ita aka yi wa barka.

Da takardar Gwaggo ta fito, na buɗe kalandar 1956 a waya don in ga abin da muka rubuta mata. 1 ga Janairu ta faɗo ran Lahadi, tsakiyar hunturu, kusan wata guda kafin Sarauniya ta sauka a Legas ran 28 ga wata. Rana ba daidai ba, yanayi ba daidai ba, Sarauniyar ma ba ta zo ba tukuna. Na matsa zuwa Agusta, lokacin da ruwa ke sauka sosai gero na fid da kai. 1 ga Agusta 1956 Laraba ce. Haka 8 da 15 da 22 da 29. Da na buɗe baki a ranar, lamba ɗaya tak za a sauya, kuma ko ba a dace da ainihin ranar ba, da an sauke ta a damina, ran Laraba.

Na kai mata takardar da yamma, na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na yi mata bayanin duk wannan. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, ashe Ladi ce ni, shekara sittin da biyar ana kira na da sunan wata." Ta yi dariya har da tari. Sa'an nan ta ce, "Bar su, ɗan nan. Inna da ta durƙusa ai ba ta ce Lahadi ba."

Ta karɓi takardar ta naɗe a leda, ta tura ƙasan adaka, ta ce in miƙo mata faifai.